Wasan Dattijo Na Ƙarshe

Tun da na dawo daga Faransa ƴan fadarmu ta zaman hira ba su bar ni na sha shayi da daɗi ba. Wannan ya ce yaya Paris, wancan ya ce wai da gaske jirgin ƙasa yana bi ta ƙarƙashin gidajen mutane, wani kuma ba abin da ya dame shi sai ko na shiga babban filin ƙwallo. Guntu-guntu nake ba su amsa, don da na kama labarin sosai sai in kasa kai shi ƙarshe. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya in huta. Sai dai ku sani tun yanzu, ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Dubiya na je, wurin wana, Yaya Ilu.

Manyan cikinku sun san shi. A zamaninsa babu mai tsaron baya irinsa a Damagaram. Dogo ne, ba ya hayaniya. In ɗan gaba ya taho a guje sai ka ga ya tsaya kawai, ƙwallo ta zo ƙafarsa kamar an aiko masa da ita. Wani Bature da ya zo aikin ruwa ya gan shi, ya yi masa hanya ya je gwaji wata ƙungiya a Faransa. Bai daɗe da zuwa ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wajen horo, ƙungiyar ta sallame shi, kunya kuma ta hana shi dawowa gida. Ya yi shara a ofisoshi, ya yi dako a kasuwar kayan lambu, daga baya ya samu tuƙin motar kwasar shara. Ya auri Rabi ƴar Maraɗi, suka haifi ɗiya ɗaya, Nafisa. Zuwansa gida na ƙarshe lokacin rasuwar Inna ne, kuma ya iso an riga an rufe ta.

Ni da shi muna waya kusan kowane mako, amma ba mu iya hira ba. In mun gama ina gida, ina yara, ina aiki, sai mu yi shiru muna jin numfashin juna. Abu ɗaya ne ke kwance mana baki, shi ne zancen Dattijo.

Dattijo wani ɗan ƙwallon Sifaniya ne, mai tsaron baya. Ba sunansa ke nan ba, Yaya ne ya raɗa masa, don tun yana saurayi yake wasa kamar tsoho, ba gaggawa, ba keta. Ba ya cikin waɗanda ake buga hotonsu a riga, ko na faɗi sunansa na gaskiya da wuya a samu wanda ya san shi a fadar nan. Yaya ya fara ganinsa ne a talabijin yana wata ƙaramar ƙungiya ta garin masunta a arewacin ƙasarsu. Ya kira ni ya ce, "Sani, na ga wani yaro yana tsayuwa irin tawa." Daga ranar muka bi shi. Ya hau da ƙungiyar tasa rukunin farko, aka ba shi kyaftin. Wata babbar ƙungiya ta saye shi ta ajiye shi a benci yana kallon wasu suna bugawa. Aka ba da aronsa Italiya, can ya ji rauni a gwiwa har aka yi masa aiki, kowa ya ce tasa ta ƙare. Sai ga shi a Faransa, a wata ƙungiya mai matsakaicin ƙarfi, kuma nan ya yi shekarunsa mafi kyau. Bai ɗauki kofi ba, amma ƴan gaba suna shakkarsa. Da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu bai gudu ba, ya bi ta. Daga nan sai gangara: ya je Girka, ya koma wata ƙungiya da ta rushe yana cikinta, daga ƙarshe ya sauka a wata ƴar ƙungiyar unguwa a gefen Lyon, garin matarsa. Yawancin wannan a bakin Yaya na ji shi. Ya gaya mini ranar da aka cire wa Dattijo ɗinki, amma bai taɓa gaya mini ranar da shi kansa ya fara tari ba.

Rabi ce ta gaya mini. Ta kira ni wata rana ina fitowa daga aji, ta ce, "Malam Sani, in kana son ganin ɗan'uwanka da rai ka fara neman biza. Huhu ne. Likitoci sun ce sun yi iyakar yinsu."

Wahalar biza ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, wanda ya nema ya sani. Da ta fito na hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai. Kusa da ni wani tsoho ne mai fataucin albasa, da ya ji inda za ni sai ya kama hannuna ya ce in gaishe masa da ɗansa da ke Beljiyam. Na ce Baba, ai ba ƙasa ɗaya ba ce. Ya ce, "Ai duk Turai ce, za ku haɗu a masallaci." Bayan Birnin Ƙonni taya ta fashe, muka zube ƙarƙashin wata itaciya ana gyara. Kowa yana mita, ni kuwa ina riƙe da waya ina tsoron ta yi ƙara.

Jirgin sama kuma ban taɓa hawa ba. Mun canza wani a Kasabulanka, muka sauka Paris da safe. Ɗan sandan da ke bayan gilashi ya daɗe yana kallon fuskata yana kallon fasfo, ya tambayi wurin wa na zo, yaushe zan koma. Da na ce wana ne ba lafiya sai ya buga hatimi ya miƙo mini. Na ce alhamdulillahi, na wuce. Ashe saura ƴan duwan, masu binciken kaya. Wani kare da suke ja ya zo ya zauna gindin jakata ya ƙi tashi. Da Yaya ya ji ina tafe abu ɗaya ya roƙe ni, kilishi, ni kuma na sa aka yi masa na musamman, mai yaji kaɗan saboda tari. Matar da ta buɗe jakar ta yi mini magana a hankali, ta ce doka ba ta yarda a shigo da nama ba. Na ce na maras lafiya ne. Ta ce ta yi baƙin ciki, ta ɗauka ta jefa a wani babban kwando ina kallo. Dakuwa da kuka da busasshen zogale ta juya su ta sansana, ta mayar mini.

Rabi tana wurin aiki, tana raba abinci a wata lakkol, wato makarantar boko, don haka kwatance ta yi mini ta waya. A tashar jirgin ƙasa akwai wata ƙofa da ke buɗewa in ka sa tikiti. Na wuce, ta rufe a kan jakata, ni ina ciki jaka tana waje, mutane sun taru a bayana suna tsaki. Sai na ji an ce, "Sannu Baba, daga gida?" Wani mai gadi ne, mutumin Cadi, ya ce a kasuwar garinsu ya koyi Hausa. Ya cire mini jakar, ya raka ni har bakin jirgi, ya gaya mini inda zan sauka in hau bus. Da na shiga na yi sallama, yadda za ka yi in ka shiga kar a tasharmu. Ba wanda ya ɗago. Kowa ido a waya. Wata tsohuwa tana rungume da kare sanye da riga, karen ne kaɗai ya dube ni.

Unguwarsu Clichy-sous-Bois ake ce mata. Dogayen benaye ne iri ɗaya, kamar an jera akwatuna, baƙar fata ko'ina, har ka manta inda kake sai sanyi ya tuna maka. Rabi ta tarye ni a ƙasa. Ta rame. Ta ce in yi haƙuri asansar ta lalace, wato akwatin nan da ke hawa da mutane sama, kuma su a hawa na tara suke. Tun da ta lalace Yaya bai taka ƙasa ba, sai in masu motar asibiti sun zo sun sauko da shi a kujera.

Yana zaune bakin taga, an lulluɓe masa ƙafa da bargo, wata ƴar roba a hancinsa, wani inji yana gurnani a gefensa. Da a hanya muka haɗu da na wuce shi. Mutumin da nake ɗaga kai in kalla ya koma kamar itacen da aka feƙe. Na durƙusa na kama hannunsa.

Ya ce, "Ina kilishina?"

Na ba shi labarin karen. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Rabi ta zo tana shafa masa baya tana hararata.

A ɗakin Nafisa aka sauke ni, don ita tana Lyon tana karatun injiniya. Rabi ta yi mana tuwon semo da miyar kukar da na kawo. Yaya ya yi loma biyu ya ture kwanon, ya ce ƙamshin ya ishe shi. Abin da ya fi damuna a gidan nan shi ne shiru. A nan gida in mutum ya kwanta ciwo irin wannan, zaure ba ya rabuwa da mutane, wannan ya shigo da fura, wancan da addu'a. Can kuwa sai ka yi waya kafin ka zo dubiya, kuma kowa yana aiki, sai ran Lahadi mutum biyu ko uku su hawo suna haki su zauna kaɗan su tafi. Sauran kwanakin daga ni sai shi sai injin, sai takun maƙwabtan da ke samanmu waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Ban daɗe da zuwa ba ya ce, "Sani, ran Asabar Dattijo zai buga wasansa na ƙarshe. Za ka je Lyon ka gano mini."

Na ce, "Yaya, wurinka na zo."

Rabi ta leƙo daga kicin ta ce, "Haba Malam! Mutum ya baro Damagaram don ya zauna da kai, ka tura shi kallon balo?"

Bai kula ta ba. Ya jira numfashinsa ya daidaita, ya ce, "Ka san ban taɓa ganinsa da idona ba? Ya sha zuwa Paris wasa. Sau ɗaya na je har bakin fili, na ji ƙamshin ciyawa, na juyo. Tun ranar da aka fito da ni a kan makara daga filin horo ban ƙara shiga fili ba." Sannan ya ce, "In ka samu ganinsa ka gaya masa akwai wanda ya kalle shi tun daga farko har ƙarshe."

Ban san da wannan ba. Duk shekarun nan ina zaton yana zuwa kallo.

Ya ƙara da cewa Nafisa za ta kai ni, amma kada in gaya mata komai. Tana cikin jarrabawar ƙarshe, abin da ta sani kawai shi ne babanta yana fama da tari. Watanni ke nan ba ta zo gida ba, in ta kira ta bidiyo sai ya ce kyamarar wayarsa ta lalace. Na ce wannan ba daidai ba ne. Ya ce, "Ni ne babba ko kai?"

Rabi ta kai ni gar, wato tashar jirgin ƙasa, ta sa ni a jirgi mai gudun nan. Na zauna a kujerar da ta yi mini, ashe kowace kujera da mai ita. Wata dattijuwa ta zo ta tsaya a kaina tana nuna mini lamba da yatsa, na tashi ina ba da haƙuri. Yunwa ta kama ni na sayi burodi mai wani abu a ciki, na buɗe na ga nama ja, na tsorata ko na alade ne, na ajiye. Dakuwar da Rabi ta cusa mini a aljihu na ci. Gonaki da shanu suna wucewa ta taga kafin ka kalle su sun ɓace.

Nafisa tana jirana a gar ɗin Lyon. Doguwa ce kamar ubanta, har tsayuwar. Ta rugo ta ce, "Tonton!" yadda ƴaƴan can ke kiran baffa, ta sumbace ni a kumatu dama da hagu. Na ja da baya kamar wuta ta taɓa ni, ita kuwa ta yi ta dariya. Hausarta a karye take, rabi Hausa rabi Faransanci, amma tana ƙoƙari. Ta nuna mini ɗakinta a Villeurbanne, unguwar ɗalibai, in ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa bango da bango. Ta ce, "Yaya tarin Papa? Ça va?" Na ce da sauƙi, ina kallon tukunyar da ke kan teburinta.

Masaukina gidan Alhaji Bakari ne a Vaulx-en-Velin, mutumin Garwa ta Kamaru, mahauci, tsohon abokin Yaya tun suna dako tare. Ya gasa mana nama, ya dafa shayi mai kauri irin namu, karon farko da na ji cikina ya san na ci abinci a ƙasar. Da Nafisa ta fita amsa waya ya matso ya ce, "Malam Sani, gaya mini gaskiya, yaya jikin Ilu?" Na girgiza kai. Ya ajiye kofinsa, ya ce, "Ba ku kyauta wa yarinyar nan ba. Ƴaƴan nan ba irin namu ba ne, ba sa yafe ɓoye-ɓoye."

Ran Asabar muka hau bus ni da ita. Ku da kuke tambayata babban fili, ga filin da na gani: ciyawar roba, rumfa ɗaya ta ƙarfe, waya kewaye, bayan raga kuma wurin ajiye motoci. Ana yayyafi. Ƴan kallo ba su kai waɗanda ke taruwa in ana wasan unguwa a nan ba, tsofaffi da lema, mata da kekunan jarirai, sai wasu samari suna cin gyaɗa.

Na gane shi tun kafin Nafisa ta nuna. Gashin kansa ya zube, gemu ya yi furfura, gwiwoyi biyu a naɗe. Da aka fara wasa na ga abin da Yaya yake gani. Ba ya gudu, hannu yake nunawa, yana jan yaransa yana tura su, ƙwallo ta zo ya tare ta da ƙirji ya miƙa wa na kusa. Wallahi kamar Yaya nake kallo a filin ƙasa na garinmu. Amma abin bai daɗe ba. Ɗaya ƙungiyar tana da wani yaro a gefe, siriri, ya isa a ce ɗansa ne. Yaron ya gane cewa tsohon ba ya iya juyawa, sai ya riƙa jefa ƙwallo bayansa yana binta. Ya wuce shi ya ci. Ya sake wuce shi aka ci. Karo na gaba Dattijo ya yunƙura zai juya ƙafa ta ƙi, ya zauna daɓas a ƙasa, samarin nan masu gyaɗa suka fashe da dariya. Rigar yaron ta shafi hannunsa, da ya so da ya riƙe ta, bai riƙe ba. Bayan hutun rabin lokaci aka cire shi. Mutane suka tafa kaɗan. Da aka tashi wani mai ƙaton ciki ya miƙa masa furanni, ya yi jawabi a lasifikar da ke yankewa, ruwa ya ƙaru kowa ya nufi motarsa.

Muka jira shi a bakin ƙofa. Ya fito yana ɗingishi, jaka a kafaɗa, furannin a ƙarƙashin hammata. Nafisa ta tare shi ta ce ƙanen babanta ya zo daga Nijar da saƙo. Ya dube ni kamar wanda za a roƙa wani abu. Na tattaro Faransancina na lakkol na isar da saƙon Yaya kamar yadda ya faɗa. Na ga bai gaskata ba, sai na fara lissafa masa ƙungiyoyinsa tun daga garin masunta, da Italiya, da aikin gwiwa, har Girka. Ya sauke jakar a ƙasa cikin ruwa.

Ya ce, "Ta Girkan nan ko ƙanena ba ya tunawa da ita. Ina mutumin yake?"

Na ce yana Paris, shi ma mai tsaron baya ne a da.

Ya ce, "Ku kira shi."

Kafin in buɗe baki Nafisa ta zaro waya. Ta ce kyamarar Papa ba ta aiki, bari ta kira ta Maman. Na ce, "Nafisa, tsaya," amma ta riga ta danna. Daga baya Rabi ta gaya mini tana wanka a lokacin, wayar kuma tana kan bargon Yaya. Ya ga sunan ɗiyarsa, ya san daga filin ne, ya ɗauka da kansa.

Fuskarsa ta cika gilashin wayar, da robar a hanci, da idanun da suka faɗa. Na ji Nafisa ta ja numfashi. Ba ta saki wayar ba, ta juya ta wajen Dattijo ta riƙe da hannu biyu.

Suka daɗe suna kallon juna. Yaya ne ya fara magana, kalma biyu ya huta, kalma biyu ya huta. Ya ce, "Bai kamata ka je babbar ƙungiyar nan ba. Sun cinye maka ƙuruciya a benci."

Dattijo ya yi ɗan murmushi ya ce, "Na sani. Amma in an kira ka, ai za ka je."

Yaya ya ce, "Haka ne. Ni ma na je."

Dattijo ya tambaye shi me ya raba shi da wasa, Yaya ya ce gwiwa ce, ta dama. Dattijo ya buga tasa ya ce shi duka biyun. Sai Yaya ya ce, "Yanzu me za ka yi?"

Mutumin ya kalli filin da ya zama ba kowa, ya ce, "Ban sani ba. Tun ina yaro kullum akwai inda zan je da safe. Ran Litinin babu."

Yaya ya ce, "Ko ba ka bugawa ka riƙa zuwa fili. Ni na daina. Ban kyauta wa kaina ba."

Tari ya taso masa, hoton ya karkace muka ga silin, kiran ya yanke. Hawaye yana zuba a fuskar Nafisa har wuya, amma hannunta bai motsa ba sai da gilashin ya yi baƙi. Dattijo ya dube ta ya dube ni, ya gane abin da ya faru. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ɗan sunkuya, ya ɗauki jakarsa ya tafi a hankali wajen wata ƙaramar mota inda matarsa ke jira.

Nafisa ta ce, "Tonton, tun yaushe?"

Na ce ya kwana biyu.

"Kai ka sani. Maman ta sani. Alhaji ma ya sani, ko?" Ta koma Faransanci tana faɗa da ƙarfi har wani tsoho ya waigo. Ta ce ita ba jaririya ba ce, ta ce wa ya ba mu iko mu zaɓa mata tsakanin jarrabawa da ubanta. Na tsaya ruwa yana dukana har ta gaji ta zauna a kan wani jiƙaƙƙen benci ta rufe fuska.

Washegari tare muka hau jirgin Paris. Muka yi nisa da tafiya. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da gaske ya iya balo?" Ashe abin da ta sani kawai shi ne ya taɓa bugawa yana saurayi. Na ba ta labarin yadda ake rufe shaguna in ƙungiyarsu za ta buga, da yadda yara ke bin shi har gida suna kiran sunansa. Ta saurara har muka iso. A benen ta riga ni hawa da gudu. Ni na zauna a matakala na ba su lokaci. Da na shiga tana zaune a ƙasa ta ɗora kai a gwiwarsa, shi kuma yana kallon taga.

Da ta tashi ya ce da ni, "To, yaya ya buga? Kada ka gyara."

Na gaya masa duka, har zaman da ya yi a ƙasa da dariyar samarin. Ya rufe ido ya ce, "Ya daɗe da yawa. Amma gara shi, ya bari da ƙafarsa."

Yaya ne ya tilasta wa Nafisa ta koma ta rubuta jarrabawarta, tana gamawa ta dawo gida gaba ɗaya. Ni kuwa bizata ta zo ƙarshe. Paris da kuke tambaya, hasumiyar ƙarfen nan daga nesa na hango ta ta tagar jirgi, ban je ba. Da safen da zan tafi na ce, "Yaya, ka bari mu nemi hanya mu kai ka gida." Ya nuna injin ya ce wane jirgi zai ɗauke shi da wannan. Ya ce, "Kuma in aka rufe ni can, su biyun nan wa za su riƙa ziyarta?" Sai ya ce in yi masa aski. Na jiƙa masa kai da ruwan ɗumi na aske shi a hankali, fatar kamar takarda. Tun muna yara rabon da in taɓa kansa. Da na gama ya shafa ya ce, "Ka yanke ni a bayan kunne." Na ce ban yanke ka ba. Ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Sai mun yi waya."

Mun yi wayar kuwa bayan na dawo. Na ji tsoron ba mu da abin faɗa tunda Dattijo ya ajiye takalmi, amma sai ya riƙa tambayata mutane ɗaya bayan ɗaya, wane yana da rai, wance ta yi jikoki, rijiyar bayan gidanmu tana nan ko an cike ta. Wata rana ya sa na kwatanta masa kabarin Inna, ta wace ƙofa ake shiga, wace itaciya ce kusa. Kiran yana gajarta, muryar tana yin ƙasa. Daga baya sai dai in yi ta magana shi yana saurare.

Farkon damina Nafisa ta kira ni da hantsi. Ba ta ce Tonton ba. Ta ce, "Baba Sani, Papa ya rasu." A can aka rufe shi, a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta. Alhaji Bakari ya zo daga Lyon ya yi masa wanka.

Mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida muka karɓi gaisuwa ba gawa. Samarin unguwa suna zuwa su yi mini ta'aziyya, in sun juya sai in ji suna tambayar juna wane ne ya rasu. Da la'asar wasu tsofaffi uku suka iso, ɗaya da sanda, ɗaya ana jan hannunsa don ido ya tafi. Abokan wasansa ne. Suka zauna suka yi addu'a, ba su yi wani dogon zance ba. Da za su tashi makahon ya ce, "Ni ne golansu. In Ilu yana gabana har zama nake yi."

Wannan ita ce Faransar da na gani. Wanda duk labarin nan ya iso gare shi, ya sa wana a addu'a. Sunansa Iliyasu, ɗan Malam Hamidu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.